Igiya Bakwai a Kunnen Sallau

Wani mafarki na yi a daren jiya, irin wanda mutum ke tashi yana shafa kansa ya ji ko yana nan yadda ya bar shi.

Ni ne Sallau, shugaban ma'aikata a kamfanin casar shinkafa na Hajiya Uwani, can bakin fadamar garinmu. Shekarata ashirin da ɗaya a wurin. A makon nan Hajiya ta kawo Kubura, 'yar ƙaninta, wadda ta karanto aikin zana tsarin kamfani. Ba zanen gini ba. Zanen yadda aiki ke tafiya ne: wa ke miƙa wa wa, labari ta ina yake bi, wane inji ya dogara da wane. Wai da shi za a sake wa kamfanin fasali. Ni kuwa na taɓa jin an ce da irin wannan zanen ake goge tsofaffi. Da wannan a raina na kwanta.

Sai ga ni a ƙofar kamfani da hantsi. Ana ruwa, amma daga ƙasa yake tasowa yana tafiya sama. Mutane sun ɗaure ƙafafun wandonsu, masu lema sun juya ta sun tsaya a ciki. Na ce a raina, bana haka damina ta zo, na shiga.

Ɗakunan aiki duk sun watse. Ɗakin turara shinkafa ya hau tsamiya, ya zauna a reshe yana fitar da tururi. Filin shanya ya naɗe kansa kamar tabarma ya jingina da katanga. Ɗakin injin casa ya juya wa kowa baya ya fuskanci daji, wai fushi yake yi. Sito na kiwo a bayan gida da ƙafa huɗu, ɗakin ɗinkin buhu na biye da shi yana tsalle kamar maraƙi. Can kusurwa akwai wani ɗan ƙaramin ɗaki mai koriyar ƙofa wanda ban taɓa sanin aikinsa ba. Ofis kaɗai ke tsaye inda aka gina shi.

Daga kowanensu igiya ta fito, igiya bakwai cif, duk sun zo sun shige kunnuwana, huɗu a dama, uku a hagu. In ɗaki na son wani abu sai ya ja tasa, in ji a tsakiyar kaina, in ɗaga murya in gaya wa wancan.

"Sito na tambaya ko shinkafa ta bushe!"

"Shanya ta ce a tambayi rana!"

Haka nake ta yi har na isa ofis.

Wata jar akuya ce a kan kujera, da tabarau da mayafi. Ita ce babbar sakatariya. A gefenta bunsuraye biyu na buga hatimi a kan ganyen mangwaro, suna jerawa.

"Malam Sallau, ka zo da wuri," in ji ta. "Tun jiya muke jiranka. Wasiƙa ta iso. Masu cin shinkafarmu duk sun ƙaura tsallaken kogi, wani gari da ake kira Gobe. Sun ɗora tukwane, ruwa ya tafasa. In ba mu haye da kamfanin nan gaba ɗaya kafin azahar ba, taliya za su zuba."

Bunsurayen suka tsaya cak. Ɗaya ya ce, "Taliya?" ya yi salati.

Na ce, "Ina wasiƙar?"

"Na adana ta." Ta shafa cikinta. "Duk takardun kamfanin nan a nan suke. Ba a taɓa sace ko ɗaya ba."

"In ana son dubawa fa?"

"Ba a taɓa so ba."

Ina fitowa na tarar labari ya riga ni. Kowane ɗaki ya ruga kasuwa ya sayo abin hayewa. Ɗakin casa ya sayo fukafukai irin na shamuwa. Sito ya sayo kwalekwale. Filin shanya ya sayo tayoyin babur guda shida. Ɗakin turara, daga kan tsamiya, ya aika an sayo masa takalmin ƙwallo. Kowa ya ɗaura nasa, kowa ya zabura. Wannan ya yi gabas, wannan ya yi sama, wancan ya nufi daji.

Ni ne a tsakiya. Kunnena na dama ya miƙe har bakin titi, na hagu ya kai gindin tsamiya. Ba zafi, sai dai ina jin hirar mutanen unguwa biyu a lokaci guda. Kamfanin kuwa bai matsa ko taku ɗaya ba.

Hajiya Uwani na zaune a kan darduma, dardumar na shawagi daidai kafaɗata. Gyaɗa take ɓarewa, tana cin ɓawon tana zubar da ƙwayar.

"Ka gani ko, Sallau? Kowa ya sayo, ba wanda ya tambayi ɗan'uwansa."

"Ranki ya daɗe, ai hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka."

"A nan garin jinka ce ke ɗaukar hannu," in ji ta. "Ga Kubura nan tafe."

Kubura ta shigo bisa wani dogon tsani, tsanin na tafiya da ita a hankali kamar raƙumi. Ta sauko ta ɗaure shi a turke, ta durƙusa ta gaida gwaggonta, ta juyo gare ni.

"Baba, ina kwana. Sannu da kunnuwa."

"Yauwa, 'yar nan."

Ta buɗe jaka ta fito da zannuwa uku farare, irin na ɗaurawa, da muciya da kwanon shuni. Ta shimfiɗa na farko a iska, ya tsaya.

"Wannan zanen yau ne," in ji ta. "Ba mai hayewa sai mun san yadda muke. Kowa ya cire abin da ya sayo, ya zo ya yi layi."

Abin mamaki, suka bi. Har ɗakin casa ya juyo, yana ƙunƙuni. Ta riƙa yi wa kowa tambaya iri ɗaya, tana tsoma muciya a shuni tana zanawa.

"Me kake yi?"

"Turarawa," in ji na kan tsamiya.

"Don wa?"

"Don Sallau."

"Kai fa, sito?"

"Ajiya. Don Sallau."

Haka suka yi ta faɗa ɗaya bayan ɗaya. Ina jin daɗi ina gyara tsayuwa. Kubura ta ɗago ta ce, "Gwaggo, kin lura? Ba wanda ya ambaci mai tukunya."

Hajiya ta ce, "Na lura." Ni kuma na daina gyara tsayuwa.

Aka zo kan ɗan ƙaramin ɗakin mai koriyar ƙofa. Muryarsa siririya ce kamar ta sauro.

"Ni farke buhu nake yi, in tabbatar an ɗinka."

"Daga nan fa?"

"Sai in mayar a sake ɗinkawa."

"Tun yaushe?"

"Tun ranar da wani buhu ya zube a mota. Shekara goma sha ɗaya ke nan. Baba Sallau ne ya ce a riƙa dubawa, bai dawo ya ce a daina ba."

Hajiya ta yi dariya har darduma ta karkace, gyaɗa ta zubo ta yi sama tare da ruwa. Ni ma na yi dariya, don na tuna ranar sarai. Wata Laraba ce, raina a ɓace.

Da Kubura ta gama, muka taru muka kalli zanen. Ga ɗakuna bakwai a gefe-gefe, ba layin da ya haɗa ɗaya da ɗaya. Duk layukan sun taho tsakiya, sun ƙare a kan wani ɗan mutum ƙanƙane mai manyan kunnuwa. Ɗan mutumin ya ɗago daga cikin zanen ya dube ni, ya ce, "Na gaji."

Na yi kamar ban ji ba.

Kubura ta shimfiɗa zane na biyu. "Wannan na gobe ne. Yadda muke so mu zama."

Wannan karon daga tukunya ta fara. Ta zana mace tana jiran shinkafa, sannan ta riƙa komowa baya: buhu, casa, shanya, turara, har zuwa manomi a gona. Kowane ɗaki ta ajiye shi kusa da wanda yake miƙa wa, ƙofa na kallon ƙofa. A tsakiya ta zana rijiya.

"Rijiyar labari ce," in ji ta. "Duk wanda ya san wani abu ya zuba a ciki. Duk mai son sani ya jefa guga. Ba ihu, ba jira."

Ɗakuna suka ɗauki guɗa. Ni kuwa na matsa kusa, na duba tsakiyar zanen. Rijiya. Na duba bayan rijiyar. Na leƙa cikinta. Ba ɗan mutum mai kunnuwa. Ashe abin da aka gaya mini gaskiya ne.

Ban yi shawara da kowa ba. Na fizge zanen, na cusa a hammata, na zura da gudu.

Na manta da igiyoyi. Ina gudu, kamfanin gaba ɗaya na biye da ni, ƙiiii, yana jan ƙasa. Tsamiya ma ta tuge ta biyo mu. Muka wuce makabarta, muka wuce tashar mota, kogi na ƙara nisa a bayanmu. Akuya ta leƙo ta tagar ofis tana kiran, "Malam Sallau, ba nan ne Gobe ba! Wannan hanyar Shekaranjiya ce!"

Da numfashi ya ƙare mini, na faɗa cikin wani buhu da na gani a bakin hanya, na ja bakinsa na rufe.

Cikin buhun akwai faɗi, har da kujeru biyu da buta. Kubura na zaune a ɗaya, ta riga ni.

Ba ta karɓi zanen ba. Ta zuba mini ruwa a moɗa, ta jira na sha.

"Baba, rana ta kusa tsaka."

"Ta kai mana. Ku haye, ku bar ni a nan. Ai kin riga kin goge ni."

"A ina ka duba?"

"A tsakiya."

"Wa ya ce maka tsakiya wurin manya ne? Tsakiya wurin turke ne, Baba. Shekara ashirin da ɗaya kana ɗaure, kana zaton kai ka ɗaure su."

Ta ce in buɗe zanen in duba bakin ƙofa, ta inda shinkafa ke shigowa da inda take fita. Na duba. Ga ni nan a kan kujera mai hannu, ƙarƙashin inuwa, kunnuwana daidai da na kowa. Ina riƙe da ƙwayar shinkafa a tsakanin haƙora, ma'aikata sun kewaye ni suna koyon yadda ake ganewa.

"Rijiya za ta riƙe sunan manomi da ranar zuwansa," in ji ta. "Amma ba ta da haƙori. Ba za ta ciji ƙwaya ta san saura wuni ɗaya ta bushe ba. Wannan sai kai, kuma sai wanda ka koya wa."

Ta ɗauko zane na uku. Fari fat, ba ko ɗigo.

"Wannan na hanya ne, daga yau zuwa gobe. Na kasa zana shi. Ban san igiyar da za a fara kwancewa ba. In na kuskure, ɗakin turara zai faɗo daga tsamiya da ruwan zafinsa a kan mutane. Kai kaɗai ka san nauyin kowace."

Ta miƙo mini muciya da hannu biyu.

Na karɓa. Na ce, "To, ba da turara za a fara ba. Da ƙaramin za a fara, wanda in ya faɗi ba wanda zai ƙone."

Muka fito daga buhun, sai ga mu a bakin kogi, kamfani da tsamiya da kowa. Ban tambayi yadda aka yi ba. Rijiyar ma ta fito daga zane ta zauna a kan yashi, tana hamma.

Igiyar ɗan koren ɗaki na fara jawowa. Ta fito daga kunnena sulul, da wata Laraba ɗaure a ƙarshenta. Na jefar da Larabar a kogi. Na ce wa ɗakin, "Ka daina farkewa."

"To me zan yi?"

Kubura ta duba zanen gobe. "Muna neman inda za a riƙa sauraron masu tukunya, in sun yaba ko sun yi ƙorafi."

"Ni kuwa ina son hira," in ji shi. Ya yi tsalle ya faɗa kwalekwalen sito, ya haye shi kaɗai don gwaji. Muka zuba ido. Da ya taka wancan gaɓar ya ɗaga ƙofarsa yana kaɗa mana, kowa ya ɗauki tafi.

Daga nan na bi su a jere, ina zanawa a kan farin zane, ina jawowa. Igiyar sito ta fito da sunayen manoma ɗari da wani abu, suna rataye kamar kifi a zare, kowane na gaishe ni. Igiyar casa ta fito da ƙarar da bel ɗin inji ke yi kwana biyu kafin ya tsinke. Igiyar ofis ta fito da lambobin waya, har da na wani direba da ya daina aiki tun ina da baƙin gemu. Duk abin da ya fito sai in jefa a rijiya, ita kuma ta haɗiye ta ce, "Madalla. Ƙaro."

Sito ya jefa guga ya jawo, ya duba ciki.

"Kai! Ashe shinkafa ta bushe tun ɗazu!"

"Da ka tambaye ni ai da na gaya maka," in ji filin shanya. Wannan ne karo na farko da suka yi magana da juna. Suka tsaya suna kallon juna, kowa na jin kunya.

Kayan da aka sayo ma ba su tafi a banza ba. Kubura ta duba zane ta ce kwalekwale na kowa ne, a yi ta jigila da shi. Fukafukan shamuwa aka ba filin shanya ya riƙa yi wa shinkafa fifita. Tayoyin babur aka ɗaura wa rijiya. Takalmin ƙwallo ne kawai aka rasa inda zai shiga, sai ɗaya daga cikin bunsurayen ya sa abinsa.

Akuya ta ja ni gefe, idonta ya yi rau-rau.

"Malam Sallau, in komai ya koma rijiya, ni me zan ci?"

Na gaya wa Kubura. Ta sa aka kwaso tsofaffin fom-fom da ba a ƙara bukata, buhu huɗu, aka zube mata. Akuya ta ɗanɗana ɗaya ta lumshe ido. "Na shekarar da aka yi ambaliya ne," in ji ta. "Ya tsumu."

Igiyar turara ce ta ƙarshe, ita ce mai kauri. Na sa kowa ya matsa. Na ce a jingina tsanin Kubura a jikin tsamiya, a sauke ruwan zafi tukuna, tukunya-tukunya, sannan ɗakin ya sauko da baya. Da ya taka ƙasa na ja igiyar a hankali. Ta daɗe tana fitowa. Da ƙarshenta ya fito sai na ji shiru a cikin kaina, irin shirun da ban ji ba tun ina saurayi. Har kukan wani tsuntsu na jiyo a tsallaken kogi.

Muka haye ana kiran sallar azahar.

Garin Gobe duk mata ne da maza a bakin murhu, kowa da ƙullin taliya a hannu, an ɗaga za a karya. Wata tsohuwa mai zane ja ta hango mu ta ce, "Ku dakata! Ga su nan!"

Ɗakuna suka jeru yadda aka zana su, ƙofa na kallon ƙofa. Shinkafa ta shiga ta nan ta fita ta can, fara sol, ba wanda ya ɗaga murya. Aka kawo mini kujera mai hannu. Aka miƙo mini ƙwaya ɗaya a faranti. Gari ya yi tsit. Na sa a haƙori na ciza.

Ƙas.

"Ta yi," na ce.

Sai guɗa ta tashi. Aka zuba shinkafa, ta nuna nan take, ƙamshi ya cika gari. Masu kalangu suka fito daga cikin tukwane da kayan kiɗansu a bushe. Ɗakin casa, mai fushin nan, shi ya fara shiga fili yana juyi. Bunsuru mai takalmin ƙwallo ya taka rawa har ya faɗi. Tsohuwar mai jan zane ta ci loma uku, ta tafi wajen ɗan koren ɗaki ta ce gishiri ya yi kaɗan, shi kuma ya yi ta murna an kawo masa ƙorafin farko, bai ko gaya mata cewa ba mu ne ke sa gishiri ba.

Hajiya Uwani ta sauko da dardumarta daidai kunnena.

"Sallau, je ka huta."

"Ranki ya daɗe, Huta ina ne?"

"Wani gari ne gaba da Gobe kaɗan. Kwana bakwai ake yi a dawo. Kujerarka na nan."

"In wani abu ya taso fa?"

"Su jefa guga."

Na ɗaga ƙafa na taka ruwan da ke tasowa, ya ɗauke ni. Ba ni da nauyi ko na ƙwayar gero. Ina tafiya sama ina kallon kamfanin a ƙasa, ƙanƙane, komai na tafiya, Kubura na naɗe zannuwanta tana ɗago mini muciya. Na kama dariya ni kaɗai a cikin gajimare. Can sama na fara jin wani yana kankare gindin sararin samaniya, ƙarr, ƙarr, ƙarr.

Na buɗe ido. Matata Azumi ce a tsakar gida take kankare ƙanzon tukunya da cokali. Gari ya waye tas.

Na ɗaga labule na ce, "Azumi, wai yaushe rabon mu je Gumel mu gaida yayarki?"

Cokalin ya tsaya. Ta juyo ta daɗe tana kallona.

"Malam, lafiya kuwa?"

"Lafiya lau. Ki tambaye ta ko tana gida ranar Asabar."

Ta koma kan tukunyarta, ƙarr, ƙarr, sai dai yanzu da ɗan sauri, har da waƙa a ƙasan maƙoshi.